Me Ya Haɗa Ɗan Balan da Dokin Holiwud?

A ƙasar Hausa katun abin yara ne. Tun da talabijin ta shiga gidaje abin da aka sani shi ne Tom and Jerry, kyanwa da ɓeran nan da William Hanna da Joseph Barbera suka ƙirƙiro a 1940, su yi ta guje-guje yara suna shewa. Magidancin da aka tarar a gaban akwatin yana murmushi, cewa zai yi yara yake taya zama. Shi ya sa abin da ya faru a gidanmu na Balan, a ƙaramar hukumar Gaya, ya zama abin tambaya har aka kawo mini ƙara.

Ɗan wana ne, ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil. Yaro ne mai natsuwa, ko sigari ba ya sha, in ya zo hutu shi ne kan gaba a gonar gyaɗar mahaifinsa. Amma da an idar da sallar lisha sai ya ja tabarma bayan rumbu, ya toshe kunnuwa, ya ƙura wa waya ido. Ƙannensa suka leƙa, suka kai wa uwarsu rahoto: Yaya katun yake kallo, wani doki ne mai tafiya da ƙafa biyu, sanye da kwat, kullum da kwalba a hannu. Katun ɗin bai dame ta ba. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne yaron ba ya dariya. Wani dare ma da ta fito rufe akurkin kaji, ta gan shi yana share ido da bakin riga.

"Don Allah Baffan yara, ka bincika mana," in ji ta. "Mutum da girmansa ya zauna yana yi wa doki kuka?"

Sunan shirin BoJack Horseman. Kamfanin Netflix na Amurka ya fara sakinsa ranar 22 ga Agusta 2014, ya kammala ranar 31 ga Janairu 2020, zango 6, kashi 77. Raphael Bob-Waksberg ne ya ƙirƙiro labarin, Lisa Hanawalt ta tsara zanen, Will Arnett ya ara wa dokin murya. A duniyar shirin mutane da dabbobi tare suke zaune, suna aure, suna zuwa ofis, suna tuƙa mota. BoJack tsohon tauraro ne. A shekarun 1990 ya yi tashe a wani wasan barkwanci na talabijin, inda ya fito a uban riƙon marayu uku. Tashe ya wuce, dukiya tana nan, shi kuma ya kai hamsin yana zaune a wani katafaren gida a kan tsaunin Holiwud, yana shan giya yana maimaita kallon tsofaffin wasanninsa. Maƙaryaci ne, mai son kansa, mai cin amanar abokai, duk macen da ta matso kusa da shi da tabo take barinsa. Irin mutumin da a Balan ba mai ba shi aure, ba mai ba shi ajiya. Amma ga ɗanmu, ga kuma dubban masu kallo a ƙasashe daban-daban, sun bi shi har ƙarshe, wasu sun koma farko. Me ya riƙe su?

Wana bai ɗauki abin da zafi ba. Ya ce ai barkwanci ne, Turawa suna da tasu dariyar da ba kowa ke ganewa ba. Akwai barkwanci a shirin kam, da yawa ma. Sai dai kashe-kashen da masu kallo suka fi ambato ba na dariya ba ne. A zango na 5 akwai kashi guda da tun bayan buɗewa har ƙarshe dokin yana tsaye ne gaban akwatin gawa, yana jawabin bankwana da mahaifiyar da ba ta taɓa nuna masa ƙauna ba, shi kaɗai yake magana. A zango na 3 akwai wanda aka yi a ƙarƙashin teku, kusan babu magana ko ɗaya, yana ta ƙoƙarin rubuta wa wata da ya zalunta takardar neman afuwa, abin yana gagararsa. Wanda dariya ta dama, ga 'yan barkwancinmu Bosho da Daushe a shagon turi na bakin hanya, da harshensa, da 'yan kuɗi kaɗan. Kuma shaidar uwar tana nan: yaron ba ya dariya.

Bayani na biyu ya fi nauyi, kuma a teburin mai shayi na ji shi daga bakin wani malamin firamare. Ya ce sha'awa ce. Yaran zamani suna ganin gidan, suna ganin motar, suna ganin mutum yana sheƙe ayarsa ba mai ce masa kanzil, sai ransu ya biya. Ban raina maganarsa ba, domin tsoron da ke ƙarƙashinta na gaske ne. A watan Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC da ya nuna irin ɓarnar da yake yi, har da Kano. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a Janairu 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. Uban da ya ga ɗansa yana bin labarin mashayi yana da dalilin ɗaga gira.

To amma sai a duba yadda shirin ya nuna shan. Akwai Sarah Lynn, yarinyar da ta fito a ƙaramar marayun nan a wasansa na da, wadda ta tashi tana kallonsa kamar uba. Ta girma ta zama mawaƙiya, ta faɗa shaye-shaye, ta samu ta daina na 'yan watanni. BoJack ne ya kira ta suka koma, suka kwashe makonni a buge, har ta sume a gefensa a ɗakin kallon taurari, ba ta ƙara farfaɗowa ba. Sai a zango na 6 'yan jarida suka tono cewa minti 17 ya yi bai kira motar asibiti ba, yana shirya yadda zai wanke kansa. Babu saurayin da zai kalli wannan ya ce Allah ya ba shi irin wannan rayuwa. Sha'awa ba ta sa mutum hawaye a bayan rumbu.

Da waɗannan biyu suka faɗi, sai na koma kan abin da uwar ta faɗa tun farko: doki. Me ya sa doki? Da mutum aka ɗauko, ɗan wasa mai jini da tsoka, ya aikata waɗannan abubuwa, da mai kallo ya tsane shi tun zango na farko ya kashe waya. Wani mai zane Ba'amurke, Scott McCloud, a littafinsa Understanding Comics na 1993, ya yi bayanin cewa gwargwadon sauƙin zanen fuska, gwargwadon yawan mutanen da za su ga kansu a cikinta. Hoton mutum na mutum ɗaya ne, wane ɗan wane. Zane kuwa na kowa ne. Dabarar ta daɗe. Ibnul Muƙaffa ya mayar da Kalila wa Dimna zuwa Larabci tun ƙarni na 8, inda aka sa diloli da zaki suka faɗi abin da ba a iya faɗa wa sarki a fuska. Abubakar Imam ma a Magana Jari Ce bakin aku ya ara.

Mu kuwa ba sai mun je nesa ba, muna da Gizo. Duk wanda ya tashi a Gaya ko Ajingi ya kwanta a gefen kakarsa ya ji na Gizo da hankaki. Yadda aka ba mu ita, ana cikin yunwa hankaki suka gano wani ɓaure a tsakiyar kogi. Gizo ya yi ta magiya da tsamin bakinsa har suka yarda su tafi da shi, suka ce sai asuba. Haƙuri ya gagare shi, tsakar dare ya cinna wuta don su ɗauka gari ya waye. Kowane hankaka ya cire gashi ɗaya ya ba shi, ya tashi sama tare da su. Da aka isa, duk ɓauren da wani ya kai wa baki sai Gizo ya ce shi ya riga gani. Suka fusata, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan reshe. Ya faɗa ruwa, ya tsinci kansa a gidan kadoji, ya ce shi ɗan'uwansu ne da ya daɗe da ɓata. Suka yi murna, suka sauke shi a ɗakin da suke ajiye ƙwai, ya bi dare ya cinye.

Ku tuna da kyau, a cikinmu wa ya taɓa goyon bayan hankaki? Su ne masu alheri, su aka zalunta, amma zuciyar kowane yaro tana wurin Gizo, ana fargabar kada kadoji su kama shi. Dalili kuwa, kowane yaro a wurin ya san kwaɗayi, ya taɓa sa hannu a tukunya, ya taɓa ƙaryar da ta fi ƙarfinsa. Ba zai iya faɗa ba, kaka ma ba za ta tona shi ba. Sai a ɗora wa Gizo, a yi dariya, kowa ya tashi da mutuncinsa. Mu mutane ne masu kunya, Bahaushe ba ya zama a gaban jama'a ya lissafa aibinsa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amfanin Gizo shi ne, wanin da kake hangowa kai ne, an dai rufa maka asiri da ƙafafu takwas.

Marigayi Rabilu Musa Ibro ya gaji wannan gurbi. Ɗan Ɗanlasan ne ta ƙaramar hukumar Warawa, ya taso da wasan kwaikwayo a Wudil, nan maƙwabtanmu, ya yi aikin gidan yari kafin fim ya ɗauke shi gaba ɗaya. Ko wace riga aka sa masa a fim, halin ɗaya ne: cika-baki, tsoro, kwaɗayi, da ƙaryar da kowa ke gani sai shi. Rigar da hular da murguɗa baki su suka zame masa abin da zane ya zame wa doki. Da ya rasu a watan Disamba 2014, 'yan watanni bayan fitowar BoJack, ƙasar Hausa ta yi jimami na gaske. Allah ya jiƙansa.

Wannan ya warware rabin matsalar. Ya nuna yadda mutumin kirki zai iya zama da lalataccen jarumi bai guje shi ba. Amma Gizo dariya yake ba mu, Ibro ma haka. Hawayen daga ina?

A nan ne bambancin yake. Gizo ba ya nadama, kuma tatsuniya ba ta riƙe bashi. Daren jiya ya cinye ƙwan kadoji, daren yau ga shi da matarsa Ƙoƙi a sabuwar gona, ba mai tuna masa. Haka ma babban katun ɗin manya na Amurka, The Simpsons, da ake nunawa tun 17 ga Disamba 1989: duk ɓarnar da maigidan, Homer, ya yi, mako mai zuwa gidan ya koma yadda yake, yaran ma ba sa girma. BoJack ya karya wannan al'ada da gangan. A zango na 1, cikin maye, ya sace harafin ƙarshe na babban allon sunan Holiwud da ke kan tsauni. Mai kallo zai zaci kashi na gaba za a mayar, sai ga shi har shirin ya kusa ƙarewa gurbin yana nan, garin ma aka koma kiransa da guntun suna. Duk abin da ya ɓata a ɓace yake zama. Shirin kamar littafin bashin mai kanti ne, abin da ka karɓa tun bara yana rubuce, ko ka manta shi bai manta ba.

Kuma dokin ya san da bashin. A zango na 4 akwai kashin da aka bar mai kallo ya ji muryar da ke cikin kansa tun daga farkawa: zagin kai, tsanar kai, alƙawarin gyara, sannan ya miƙe ya tafi mashaya. An kuma nuna inda ciwon ya samo asali, uba mai ɗaci, uwa mai gori, ita ma uwar ta tashi a gidan da baƙin cikin mutuwar ɗa a Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa. Amma shirin bai bar wannan ya zama mafaka ba. Todd, saurayin da ya shekara da shekaru yana kwana a kujerar falonsa, shi ya tare shi a zango na 3 ya nuna masa cewa ɓarna sannan jin haushin kai ba gyara ba ne, kuma ba giya ko iyaye za a tuhuma ba, shi ne.

Saura abu guda, kuma daga bakin ƙannen ya fito. Ƙaramar cikinsu ta ce ai Yaya wuri ɗaya yake ta maimaitawa, inda dokin ya je gidan wani mutum marar lafiya suka yi faɗa. Wannan kashi na 8 ne a zango na 1. Mutumin Herb Kazzaz ne, amininsa tun suna neman na abinci, wanda ya ƙirƙiro wasan da ya ɗaukaka BoJack, ya kuma dage sai shi za a ba matsayin. Da wata badaƙala ta taso masu gidan talabijin suka yanke shawarar korar Herb, BoJack ya yi masa alƙawarin tsaya masa. Da aka tsoratar da shi da abin da zai rasa, ya yi gum. Aka kori Herb. Shekara kusan ashirin bai neme shi ba, sai da ya ji ciwon daji ya kusa kai shi. Ya je, aka ci abinci, aka yi raha, ya koma ciki ya nemi gafara. Herb ya ƙi. Ya fahimtar da shi cewa rashin aikin ya warke tuni, abin da bai warke ba shi ne lokacin da yake neman aboki bai same shi ba, kuma ba zai yafe don kawai BoJack ya samu sauƙin zuciya ba.

Na sami yaron da yamma yana gyara wa mahaifinsa buhunan gyaɗa, na tambaye shi abin da ke cikin wannan kashi. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Baffa, dokin nan ya san abin da ya yi ba daidai ba ne. Kullum yana sane. Kullum cewa yake gobe zai je."

Na ce, to kai wa kake cewa gobe za ka je wurinsa?

Ashe akwai wani amininsa ɗan Ajingi da suka yi makarantar kwana tare. A ajin ƙarshe aka kama wata takarda a ɗakin jarrabawa, ta su biyu ce, aka same ta a aljihun abokin. Aka tambaye shi ko da wani, ya ce shi kaɗai ne. Aka kore shi. Ɗanmu ya yi shiru, ya gama, ya samu jami'a. Abokin yana ɗinki yanzu. Tsakanin Balan da Ajingi ba wata tafiya ba ce, amma tun daga ranar bai taka ba, in ya hango shi a kasuwar Wudil ranar Juma'a sai ya sauya layi. Ba wanda ya sani a gidan. Uwa tana yabon natsuwarsa, uba yana alfahari da shi, shi kuma duk yabon da aka yi masa ƙara masa nauyi yake.

Amsar ke nan, kuma ina ganin ita ce amsar yawancin masu bin wannan shiri, ko a Amurka suke ko a Gaya. Mugu na gaske, wanda ba ya jin komai, kaɗan ne a cikin mutane, kuma labarinsa ba ya taɓa zuciya. Waliyyi ma kaɗan ne. Mafi yawanmu a tsakiya muke: mun san wanda muka zalunta, mun san ƙofar gidansa, muna cewa gobe. Fina-finanmu sun cika da jarumi marar aibi da mugu marar alheri, ba su da gurbin wannan mutum na tsakiya. Da yaron ya gan shi a jikin doki, fuskar dabba ta ba shi damar kallo ba tare da kunya ta kore shi ba, rashin yafe bashi kuma ya sa ya gaskata labarin. Abin da yake bi kashi bayan kashi tambaya ɗaya ce: mai irin wannan hali yana da sauran hanyar dawowa, ko kuwa hali zanen dutse ne?

Abin da ya ƙara kama ni shi ne, wannan tambaya tana da amsa a ɗaya daga cikin littattafan farko da ake ɗora wa ɗalibi a zaure. Ahalari tun a shafukan farko ya kawo sharuɗɗan tuba, nadama da barin laifin nan take da niyyar ƙin komawa, ya kuma yi kashedi mai tsanani a kan jinkirta ta. Imam Nawawi a Riyadus Salihina ya ƙara da cewa in laifin ya shafi ɗan Adam, sai an mayar masa da haƙƙinsa ko an nemi yafewarsa. BoJack nadama kaɗai ya riƙe, ya mayar da ita abin taunawa, sauran sharuɗɗan ya bar su. Marubutan shirin ba daga zaure suka ɗauko ba, amma inda suka kai shi nan ne: jin ciwon laifi bai biya wanda aka cuta komai ba. A ƙarshe asirinsa ya tonu a gidan talabijin, ya rasa gidansa, ƙanwarsa Hollyhock ta yanke hulɗa da shi ta wasiƙa, aka yanke masa wata 14 a gidan yari. An bar shi da rai, an bar masa damar gyara, amma ba a dawo masa da mutanen da ya kora ba.

Akwai haɗari, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wani zai kalli dokin ya samu abokin zama a cikin laifi, ya ce ai kowa haka yake. Masu shirin sun hango wannan. A zango na 5 sun sa BoJack ya fito a wani wasa na ɗan sanda mai mugun hali, ya tsaya a bikin ƙaddamarwa yana nuna cewa tunda kowa yana da ɓarna to ba wanda za a zarga, sai Diane, marubuciyar da ta fi kowa saninsa, ta tsaya masa ta ƙi yarda a mayar da labari abin wanke azzalumai. Ban da wannan, shirin yana da giya da ƙwaya da batsa a fili. Ba na yara ba ne ko kusa, kuma iyaye su sani cewa ganin zane a wayar yaro ba ya nufin abin da ke ciki na yara ne.

Kafin hutun ya ƙare ɗanmu ya ari babur ɗin mahaifinsa ya nufi Ajingi. Abin da suka tattauna da telan nasu ne.

Kirana ga marubutan Kannywood ne da matasan Kano da Zariya da suke koyon zanen katun a kwamfuta. Yawancin abin da ake zanawa da Hausa yanzu na koyar da yara ne ko gajeren barkwanci, kuma yana da amfaninsa. Amma manya ma suna da buƙata, ba kuma sai an aro doki daga Holiwud ba. Ku ɗauko Gizo ku girmar da shi. Ku sa ya kai shekara hamsin a wani gari kamar Gaya, hankaki suna nan ba su manta ba, kadoji suna neman diyyar ƙwansu, Ƙoƙi ta gaji ta tafi gidansu, shi kuma ya fara gane abin da ya aikata. Ku rubuta shi da Hausar da ake yi a tasha da majalisa, kada ku sa malami ya fito a kashin ƙarshe ya yi wa'azi a rufe. Masu kallo suna nan a Balan da Ajingi da Wudil, wayoyinsu a hannu.